Amyoyin Noelene Tsakanin Tsauni da Teku

Duk wanda ya taɓa sayen zuma a kasuwar Asabar ta garin Orbost ya san Noelene Pettifer, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke tsayawa a bayan a-kori-kurarta, kwalaben zuma jere a gabanta. Ba ta kiran mai saye, ba ta yabon kayanta. In ka tambaye ta ko zumar mai kyau ce, sai ta tsoma tsinke ta miƙo maka, ta ce ai kana da baki. Shekarunta sun doshi sittin, kuma hannayenta sun sha harbi har fatar ta gaji ta daina kumbura.

A wurin mahaifinta, marigayi Arch, ta gaji sana'ar, tare da tsohuwar babbar motarsa mai tari kafin ta tashi. Kiwon ƙudan zuma a wannan yanki na can kudancin duniya sana'ar yawo ce. Idan sanyi ya shigo, wajen watan Mayu, sai a loda akwatunan amya a gangara da su bakin teku, gabas da garin Marlo, inda gajerun itatuwan cikin rairayi ke fure a lokacin ɗari. Idan zafi ya fara, wajen Nuwamba, sai a hau da su tsauni, cikin dogayen itatuwan turare. Arch ya yi ta wannan hawa da sauka har ƙarfinsa ya ƙare, kuma a zamaninsa, in ji Noelene, mutum na iya duban wata ya san inda ƙudansa za su kwana. Ita kuwa sai ta tarar da shekaru marasa alƙawari.

Shi ya sa ta zama mai faɗa da rediyo. Safe da yamma, da an zo hasashen yanayi, sai kowa a gidan ya kama bakinsa. Mai karantawa zai faɗi na bakin teku daban, na tsauni daban, kuma da yake ita tana da abin yi a duka biyun, ba a taɓa gama karantawa ranta bai ɓaci ba.

"Mai yiwuwa! Kullum mai yiwuwa!" Haka take cewa tana nuna rediyon da cokalin shayi. "Mai yiwuwa a yi ruwa, mai yiwuwa iska ta juya. Ni ma ai zan iya wannan aikin."

"To ki nema mana, tsohuwa," in ji mijinta Wal daga inda ya miƙe ƙafarsa mai ciwon gwiwa. "Ke kam ko hadari babu za ki sa a yi tsawa."

Wal tsohon ma'aikacin gidan yankan katako ne. Tun da gwiwar ta zaunar da shi ya koma ƙera mata akwatuna a rumfar bayan gida, yana yi yana surutu, ko da mai saurare ko babu. Mutum na uku a rayuwarta shi ne ƙaninta Col, makanikin injinan noma, wanda kuma shi ne shugaban 'yan kwana-kwanan sa kai na yankinsu. Ita ta goya shi, ita ta koya masa tuƙi, don haka har yau ba ta ga dalilin da zai sa ya gaya mata abin da za ta yi ba.

Rigimarsu ta farko a kan wani tudu ce. Can cikin tsauni akwai wani ɗan fili a bayan tudu mai tsawo, inda Arch ya saba ajiye amyoyinsa, har mutane suna kiran wurin Tudun Arch. Shekara da shekaru ganye da ɓawon itace suna zuba a dajin da ke kewaye da shi, har suka kai wa mutum ƙwauri. Kowa ya san maganin abin: a sa masa wuta mai sanyi kafin zafi ya shigo ko bayan ya wuce, ta lashe tarkacen ƙasa a hankali ba ta taɓa saman itatuwa ba. 'Yan kwana-kwanan sun yi mata alƙawarin haka sau uku, sau uku ana fasawa.

"Bana kuma mene ne?" ta tambayi Col ranar da ta tarar da shi kwance a ƙarƙashin wata tarakta.

"Yaya, ba ni nake riƙe da sama ba," ya ce daga can ƙasa. "Sai ganyen sama ya bushe, na ƙasa yana da laima. Sai iska ta kwanta, sai ana raɓa da asuba. Bara waccan duk mun shirya, ruwa ya sauko a makon. Bara kuwa ƙasa ta bushe ƙamas, da mun kunna da har yanzu muna binta."

"Ban tambaye ka bara ba."

"Bana a kan tsauni daidai ne, ba laifi. Amma da rana ta ɗaga sai iskar teku ta hauro kwarin, ta tura wutar inda ba mu so. Ranar da iskar ta yi shiru kuma mutanena duk suna wajen aikinsu. Sa kai muke yi, ba albashi."

"Wato sai ranar da Allah ya haɗa muku komai a faranti."

"Kusan haka."

Ta yi tsaki, ta shuri tayar taraktar ta tafi. Daga nan ta sayi sabon manjagara, duk lokacin da ta hau tudun sai ta share kewayen filin da hannunta, alhali ta san sharar mace ɗaya ba ta tare wutar daji.

Shekarar da abin ya faru, damina ta ƙi zuwa a karo na uku. Lokacin sanyi ya zo ya wuce ba a ga ruwan kirki ba. Itatuwan bakin teku suka yi fure kamar da gaske, amma furen babu ruwa a cikinsa, ƙudan su shiga su fito hannu rabbana. Noelene ta yi ta dama sukari a duro tana ba su, abin da take ji kamar zagi ne ga sana'arta. Ana cikin haka ta hau tsauni duba hanya, sai ta ɗaga kai ta ga itatuwan turare sun yi toho dam, kowane reshe ya sunkuya. Rabonta da ganin irin wannan tun Arch yana da rai.

"Zan hau da su," ta gaya wa Wal a wajen cin abinci.

Ya ajiye wuƙarsa a gefen naman ragon. "Ki hau da su ina? Dajin nan ko kallon banza aka yi masa zai kama."

"In na bar su a ƙasa yunwa za ta kashe su."

"In kin kai su sama kuma ki dawo da gasasshe."

"Wal, in ba za ka taya ni lodi ba ka faɗa."

Ya taya ta. Ya yi ta mita tun daga ƙofar gida har kan tudun, amma ya taya ta.

Makonnin farko sun yi daɗi har ta fara jin tsoro. Tun kafin ka kashe mota kake jin ƙugin ƙudan, ƙanshin sabuwar zuma ya cika filin, akwatuna suka yi nauyin da mutum ɗaya ba ya iya ɗaga gefensu. Har waƙa aka ji tana yi, ita da ko a coci ba ta buɗe baki. Sai zafi ya sauko gabanin Kirsimeti, ya zauna.

Iskar arewa maso yamma ce ke kawo shi, wadda ta ratso busasshiyar ƙasar tsakiya ta zo kamar an buɗe murhun burodi. Ranar da za ta taso, akan hana kunna kowace irin wuta a fili. Mai zuma kuwa ba ya buɗe amya sai da hayaƙi. Da ɗan gwangwaninsa mai mafici yake busa wa ƙudan su lafa. Ko da an ce an yarje wa masu zuma, wa zai ƙyasta ashana a kan Tudun Arch cikin wannan iska? Yau hani, gobe hani, jibi a ɗan sassauta amma iska ba ta kwanta ba. Zuma ta cika akwatuna maƙil, ƙudan suka rasa inda za su zuba, ita kuma tana tsaye tana kallon arzikin shekara uku ba ta da halin taɓawa.

Wata safiya, suna kan tudun ita da Wal, haƙurinta ya ƙare. Ta sa rigar kariya da hular raga, ta ce za ta buɗe su haka nan.

"Ba hayaƙi?" in ji Wal. "To bari in shiga mota in ɗaga gilashi. Ina so in samu abin ba da labari."

Akwati na farko ta sha da ƙyar. Na biyu kuwa, tana ɗaga murfin suka taso mata gaba ɗaya, ƙudan da zafi ya riga ya harzuƙa. Suka sami ɓula a gindin hular, suka shiga ta wuyan safar hannu, suka bi ta ƙafar wando. Ta mayar da murfin da ƙyar, ta nufi mota tana tafiyar da ba gudu ba, don ba ta yarda Wal ya ga ta yi gudu. Kafin su sauko daga tsaunin idonta ɗaya ya rufe, leɓenta ya yi suntum.

Wal ya dube ta, ya dubi hanya, ya sake dubanta. "Kin san kuwa kin fi kyau haka? Ko ba komai bakin ya huta."

Ta so ta zage shi, leɓen ya hana.

Bayan Kirsimeti hadari ya haɗo ta kan duwatsu, baƙi ƙirin, har mutane suka fito ƙofar gida suna murna. Aka yi tsawa, aka yi walƙiya kamar sama za ta tsage, amma ruwan bai iso ƙasa ba. Ana hango shi yana zubowa daga gajimare, ya ƙafe a hanya. Washegari aka ga hayaƙi a wurare da dama cikin tsaunin. Ɗaya daga ciki yana wani kwazazzabo mai zurfi, arewa maso gabas da Tudun Arch, kwari ɗaya ne tsakaninsu. Ba mota mai shiga wurin. Jirage suka yi ta zuba ruwa, wutar ta lafa da safe, ta farka da rana, ta ci gaba da cin abinta a hankali.

Nan Noelene ta shiga halin da ba ta taɓa shiga ba. In ta sauko da amyoyin, babu fure a ƙasa, ga nauyi, ga zafin da zai iya narkar da saƙar a hanya ƙudan su mutu a cikin zumarsu. In ta bar su, ga wuta a maƙwabta. Kullum da safe ta yanke shawara, kafin yamma rediyo ya warware mata. A ce iska za ta taso ranar Talata, ta shirya igiyoyi da mota, Talata ta zo lumui. A ce za a sami ruwa ƙarshen mako, ta saki jiki, ƙarshen mako ya zo ko ɗigo. Abinci ya daina shiga. Wal ya daina tsokanarta, wanda hakan ya fi tsokanar ba ta haushi.

Daga ƙarshe aka yi sanarwar da babu mai yiwuwa a cikinta. Ranar Alhamis zafi zai wuce duk na baya, iska za ta taso daga arewa maso yamma tun da hantsi, laima za ta ƙare a sararin sama, sai can da yamma iskar kudu za ta juyo. Haɗarin ya fi tsanani a tsauni, in ji su. Bakin teku zai ɗan fi sauƙi idan iskar teku ta shigo da wuri.

Ba a ɗaukar ƙudan zuma da rana, don rabinsu suna waje wajen kiwo. Sai sun dawo gida da faɗuwar rana, ko kafin su fita da asuba. Ran Laraba da yamma ita da Wal suka hau tudun, suka jira rana ta yi ja, suka fara lodi. Can tsallaken kwarin hayaƙi na tashi tsaye kamar ginshiƙi. Akwatunan sun yi nauyin da motar ba za ta ɗauki fiye da rabi ba. Noelene ta tsaya tana dubansu, sannan ta bi layi tana dafa waɗanda za a ɗauka: masu ƙarfi, masu sabbin sarauniyoyi, da tsatson da Arch ya bar mata, ƙudan nan masu sanyin hali da take taƙama da su. Raunana da mafaɗata ta bar su sai sawu na biyu.

Suka gangara da su filin wani manomi abokin Wal, dab da teku, a bayan tudun rairayi. Da suka sauke, wata iska mai sanyi da ɗanɗanon gishiri ta bugi fuskarta. Ta ja numfashi, ta ji kafaɗunta sun sauko a karo na farko cikin makonni.

Da asuba suka juya ɗauko sauran. A gindin tsaunin, inda kwalta ta ƙare, suka tarar an gitta shinge, motar kwana-kwana na tsaye a gefe. Wanda ke jingine da ita cikin rigarsa ruwan ɗorawa ba kowa ba ne, Col ne.

Noelene ta leƙo ta taga. "Janye min abin nan."

"An rufe dajin, Yaya. Ba mai shiga."

"Ni ce fa."

"Na gan ki. Ko Baba ne ya taso daga kabari ba zai wuce ba."

Ta buɗe ƙofa ta diro. "Col, rana ba ta fito ba, ko ganye ba ya motsi. In hau, in loda, in sauko, kafin ka gama shan shayinka na wuce ka."

"Da wannan akwalar? Hanya ɗaya ce, kin sani. Itace ɗaya ya faɗo a bayanki shi ke nan. Sannan ni zan tura yaran mutane su je su ɗauko ki, ke da wannan gurgun."

"Kai, bar ni a ciki," in ji Wal daga cikin mota. "Ni fasinja ne."

"Shekara uku ina roƙonka ka ƙone tarkacen nan," ta ce. "Ka ce laima, ka ce iska, ka ce mutanenka na wajen aiki. Yau kuma ka sami bakin tare ni a hanya? Rabin abin da na mallaka yana kan tudun can!"

"Ƙwari ne, Yaya."

Bai gama rufe baki ba ya san ya yi kuskure. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, irin kallon da take yi masa yana yaro in ya yi ƙarya.

"Ƙwarin ne suka saya maka takalmin makaranta," ta ce. Ta hau mota ta juya ta da ƙarfi har tsakuwa ta watsu a kan shingen.

Iskar ta taso da hantsi kamar yadda aka faɗa, sai dai ta fi yadda aka faɗa. Kafin azahar sama ta koma kalar tsatsa, rana ta zama wani jan tabo da ido ke iya kallo. Ƙonannen ganye ya fara faɗowa a tsakar gida, baƙi, wani da sauran ɗuminsa. Suka kwashi kare da abin da ya samu suka tafi filin ƙwallon gari, inda jama'a suka taru da motocinsu da dawakansu da kajinsu a keji. Wasu mata na raba burodi da gasasshen nama, babu mai jin yunwa. Noelene ta zauna a mota, idonta a kan tsauni, tana jiran a ce Tudun Arch ya tafi.

Ba haka labarin ya zo ba. Wutar ta fito daga kwazazzabonta ta bi bayan iska, ta nufi kudu maso gabas. Iskar na ɗaukar ɓawon itace mai ci tana jefa shi can gaba, sabuwar wuta ta tashi kafin uwar ta iso. Ta tsallake babbar hanya kamar babu ita. Iskar tekun da aka sa rai za ta shigo ta tare ta kuwa ba ta sami ƙofa ba, ta arewa ta danne ta. Gajerun itatuwan bakin teku masu mai ne a ganyensu, ga shekara uku ba ruwa; wutar ta bi ta cikinsu da gudu, ba ta tsaya ba sai da ta ga ruwan teku.

Da yamma iskar kudu ta iso, mai sanyi, har mutane a filin ƙwallo suna neman rigunan ɗari. Ta juya wutar ta kora ta arewa maso gabas, nesa da garin, nesa da Tudun Arch.

Sai da aka kwana biyu aka bar su suka je filin bakin tekun. Manomin ya tsira, shi da gidansa, amma bayan tudun rairayin babu abin da ya rage a tsaye. Inda ta jera amyoyin sai murafan kwano a lanƙwashe, da ƙusoshi, da 'yan wayoyi. Zuma da kaki sun narke sun malala cikin rairayi sun daskare baƙi. Wurin na warin ƙonannen sukari. Noelene ta bi layin daga farko har ƙarshe, hannayenta a aljihu. Ba ta yi kuka ba. Ta sa ƙafa ta shuri wani murfi, ya yi ƙara ya mirgina.

"Da hannuna na zaɓe su," ta ce. "Ɗaya bayan ɗaya."

Ita da Wal suka kama hanyar gida. Can ya gyara murya. "Kin san dai, da Col ya bar ki kin wuce, da duka nan za ki kawo su."

"Rufe min baki."

"Ni dai na ce..."

"Wal, na ce ka rufe min baki."

Ta sani. Tun a filin ƙwallo ta san haka, kuma shi ne abin da ya fi ci mata rai. Da Col ne ya jawo mata asarar, da ta sami wanda za ta ɗora wa. Masu hasashe ba su yi ƙarya ba, sun ce idan iskar teku ta shigo, ba su ce za ta shigo ba. Ita ma ba ta yi wauta ba, duk mai zumar da ke da hankali abin da zai yi ke nan. Ta juya abin ta kowace fuska ta rasa wuyan da za ta shaƙe. Duk da haka ta daina yi wa Col magana. In ya kira, ta miƙa wa Wal wayar. In ta hango shi a gidan mai, ta wuce sai wani lokaci.

Hanyar tudun ta daɗe a rufe saboda itatuwan da suka faɗi a ƙasan dutsen. Ana shirin buɗewa, sai ruwan da aka yi shekara uku ana roƙo ya tashi zuwa gaba ɗaya a watan Fabrairu. Ya sauka a kan ƙasar da ba ta da ko ciyawar riƙe shi, ya kwaso toka da laka, koguna suka koma baƙaƙe, wani ɓangaren hanyar ya zaftare ya faɗa kwari. Noelene ta tsaya a baranda tana kallon ruwan na zuba kamar da bakin ƙwarya.

"Sannu da zuwa," ta ce masa. "Ka kyauta. Ka zo a kan kari."

Sai cikin Maris ta isa Tudun Arch, ƙarshen hanyar ma a ƙafa. Ta tarar da daji kore shar, tarkacen nan na ƙasa yana nan yadda yake, ko tartsatsi bai faɗa masa ba. Wasu amyoyin sun mutu, wasu sun gudu, amma yawancinsu suna nan, raunanan da mafaɗatan da ta ƙi ɗauka. Tana matsowa ɗaya ta tarye ta ta harbe ta a kunne.

Da su ta sake farawa. Ba ta koma yawan da take da shi ba, kuma ta ce ba za ta koma ba. Bakin tekun zai yi shekaru kafin ya sake fure, don haka lokacin sanyi ya zama sai ta yi tafiya mai nisa yamma neman inda za ta ajiye su, a filayen mutanen da ba su san Arch ba. Wal ya ƙera sabbin akwatuna fiye da yadda ake buƙata, ya jibge su a rumfa. Ruwa kuma ya ci gaba da sauka duk shekarar, ciyawa ta tashi har ƙirji a inda wuta ta ci. Baƙi masu zuwa hutu suna tsayawa a gaban a-kori-kurarta suna cewa kai, ƙasa ta warke, dubi kore. Ita dai ta miƙa musu zuma. Ta san abin da ciyawar nan za ta zama da zarar iskar arewa ta busa ta mako biyu.

Wata safiya cikin Oktoba wayar gida ta yi ƙara, Wal ya ɗauka, ya saurara, ya fara dariya har da riƙe gwiwa.

"Ƙaninki ne. Wai ƙudan zuma sun yi gungu a rumfar motar kwana-kwana, daidai kan ƙofar direba. Ƙarti shida suna tsaye a waje, an rasa mai shiga."

"Su kira masu kashe ƙwari," in ji ta. "Ai ƙwari ne."

Amma tana faɗa tana neman makullin mota. Ta ɗauki sabon akwati ɗaya daga jibgin Wal ta tafi. Ta tarar da ƙartin kuwa a tsaye nesa da ƙofa, Col a gaba, hularsa a hannu. Gungun ya kai girman tulu, yana lilo a jikin madubin motar. Ta wuce su ba ta gaishe da kowa ba, ko hular raga ba ta sa ba. Ta tara akwatin a ƙasa, ta bugi madubin sau ɗaya da tafin hannu, gungun ya faɗa ciki tim.

"Yaya," in ji Col daga bakin ƙofa, "an sa mana ranar ƙona wajen tudunku. Mako mai zuwa, in iska ta..."

"Kar ka ƙarasa." Ta ɗora murfin, ta bar 'yar kafa don na waje su shiga. "Sai yamma zan dawo in ɗauke su. Kafin nan kar wanda ya taɓa motar nan."

"In aka kira mu gobara fa?"

"Ku je da guga." Ta goge hannunta a wando, ta dubi tukunyar shayin da ke kan teburinsu. "Wannan da zafi, ko ita ma sai an jira yanayi?"

Col ya yi sauri ya je ɗauko kofi.